Yadda Ake Riƙe Lissafin Biki a Google Sheets Ko Excel Ba Tare da Kai Ya Kulle Ba

A gidanmu da ke Tudun Wadar Zariya, da zarar an sa ranar wani, ni ake miƙa wa lissafi, wataƙila don ni ce ba na jin nauyin tambayar Kawu ko kuɗin da ya yi alkawari sun fito. Biki bakwai ke nan na riƙe, na ƙannena da na 'ya'yan gwaggo. Biyun farko a littafi na yi. A na biyun ne muka yi cirko-cirko a ƙofar gida da mai rumfa, ana shirin kai amarya, yana cewa sauran kuɗinsa kaza, mu muna cewa ai an ƙara masa ranar Laraba. Wa ya ƙara masa? Shiru. Nawa aka ƙara? Kowa da abin da ya tuna. Haka muka biya abin da ya faɗa, don ba mu da abin nunawa. Tun daga ranar na koma teburin lissafi na waya da kwamfuta.

Da mace zan yi magana, don a gidaje da yawa hidimar a wuyanmu take faɗawa. Amma wan ango ko babban abokinsa zai iya bin wannan tsari yadda yake.

Abubuwan da za ki tanada

Waya mai intanet da adireshin Gmail, sai ki sauke manhajar Google Sheets, kyauta ce. In kin saba da Excel ko WPS Office, yawancin abin da zan faɗa yana aiki a can, sai dai sunayen maɓallai da wasu saituna za su ɗan bambanta. Na fi son Google Sheets saboda ko an sace waya a cunkoson kamu, lissafin yana nan a Gmail ɗinki.

Kwamfuta ta awa ɗaya ko biyu a ranar farko. Gina teburin a waya yana yiwuwa, amma akwai cin rai. In ba ki da ita, shagunan buga takardu sun cika Samaru daura da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, akwai su a Kongo ma. Ki tabbata kin fita daga Gmail ɗinki kafin ki tashi daga kujerar.

Ƙaramin littafi da biro a jaka, da leda ɗaya ta ajiye rasit. Sai fawa-bank, don ranar wuni ba wanda zai bar miki soket.

Abu na ƙarshe mutum ne: babba guda ɗaya a gida, Mama ko wata gwaggo da ake jin maganarta, wadda za ta faɗa wa kowa cewa duk wanda ya karɓi kuɗi ko ya kashe, ya sanar da ke a ranar. In babu wannan, ki ajiye wayar, teburin ba zai yi miki komai ba.

Abin da ya kamata ki sani game da teburin kaɗan ne. Gidaje ne kamar na dara. Layukan kwance suna da lamba, 1, 2, 3. Na tsaye, waɗanda zan kira ginshiƙi, suna da harafi, A, B, C. Gidan da ginshiƙin D ya haɗu da layi na 2 sunansa D2. In kika fara rubutu a gida da alamar = , kin ba shi umarnin lissafi ke nan, shi ake kira fomula. A ƙasa kuma akwai shafuka, kamar na littafi.

Mataki na 1: Buɗe fayil ki gyara saitinsa kafin ki rubuta komai

Ki sa wa fayil suna da shekara, misali Bikin Ƙanwata 2026. A kwamfuta ki shiga File, sannan Settings, ki mai da ƙasar zuwa United Kingdom. Dalili: in saitin na Amurka ne, kika rubuta 5/12 da nufin 5 ga Disamba, shi 12 ga Mayu zai fahimta, don su wata suke fara rubutawa.

A waya kuma ki kunna Available offline a kan fayil ɗin. Cikin lungunan Birni da tsakiyar kasuwar Sabon Gari sabis yakan yi wasa, da wannan za ki rubuta ko babu data, in ta dawo ya haɗe da kansa.

Ki buɗe shafuka shida: Fita, Shiga, Anko, Mutane, Ranaku, Jimla. Kowane suna kalma ɗaya, babu tazara, babu harafi mai ƙugiya, saboda za ki kira sunayen a cikin fomula.

Mataki na 2: Shafin Fita, wato duk abin da zai ci kuɗi

Nan ne zuciyar aikin, ki ba shi lokaci. A layi na 1 ki jera kanun ginshiƙai haka: A Abu, B Sashe, C Kiyasi, D Ciniki, E An Biya, F Saura, G Mai Kaya, H Waya, I Ranar Alkawari, J Mai Ɗaukar Nauyi. Ki daskarar da layin da Freeze, don ko kin gangara layi na 90 kina ganin kanun.

Bambancin C da D shi ne abin da mutane suka fi tsallakewa. Kiyasi shi ne abin da kuka zata a zaman farko. Ciniki shi ne abin da aka tsaya a kai da mai kaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na daina yarda da kiyasin da ya wuce wata guda, katifar da aka taya yau ba ita ba ce bayan sati shida. In Baba ya tambayi yadda aka yi kuɗi suka ƙare, ginshiƙan nan biyu ne amsarki.

Yanzu ki zauna da Mama ku bi bikin rana-rana, kada ku bi yadda abu ya faɗo muku a rai. Kayan sa rana. Kayan ɗaki da jere: gado, katifa, kujeru, labule, leda ko kafet, kayan kicin, kuɗin motar da za ta kwashe su, da na kafintan da zai haɗa gado. Kamu. Sa lalle. Ɗaurin aure: goro, alewa, dabino, tabarmi, lasifika. Wuni ko walima. Kai amarya. Gara: buhunan abinci, mai, alkaki, nakiya, dubulan, cincin. In gidan ango ne, lefe da sadaki da gyaran gida su ne manya.

Kowane abu layinsa daban. Kada ki rubuta "abinci" ki sa dunƙulallen kuɗi. Shinkafa layi, nama layi, man gyaɗa layi, itace ko gas layi, ladan masu girki layi, robobin zuba abinci layi, ruwan leda da lemo da ƙanƙara kowanne nasa. Ƙananan ne ke kashe mutum: man janareta, cajin mai POS, ɗan abin da za a miƙa wa maroƙa da 'yan sintirin unguwa, kuɗin Keke Napep na yaran da ake aike sau goma a rana. A ƙasa ki buɗe layi mai suna Ba-zata, ki ware masa kashi 10 cikin 100 na jimlar kiyasi. Ban taɓa gama biki da ragowarsa ba.

A gidan F2 ki rubuta =D2-E2 sannan ki ja shi ƙasa har layin ƙarshe. Duk layi zai nuna abin da ake bin ku.

Ga dabarar da ta raba ni da rigimar masu rumfa. In an ba tela kafin alƙalami, a ce 30,000, bayan kwana goma aka ƙara masa 20,000, kada ki goge ki rubuta 50,000. A gidan E ki rubuta =30000+20000. Gidan zai nuna 50,000, amma in kin taɓa shi za ki ga biya biyu ne. Sai ki sa ɗan bayani a gidan da Insert note: ranar kaza, ta hannun Yaya, transfa.

Kurakurai uku da kowa ke yi a nan. Na ɗaya, rubuta "dubu 50" ko "50k" ko sa harafin N a gaban lamba. Teburin zai ɗauke shi rubutu ne, ya tsallake shi wajen tarawa ba tare da ya gaya miki ba. Lamba zalla, 50000. Na biyu, lambar waya: in kika rubuta ta kai tsaye sifirin farko zai ɓace. Ki mai da ginshiƙin H zuwa Plain text, ko ki fara da alamar ' kafin sifirin. Na uku, rubuta sashe ɗaya iri biyu. A wurin kwamfuta Ɗinki daban, Dinki daban. Maganinsa ki yi wa ginshiƙin B jerin zaɓi da Dropdown: Abinci, Sutura, Jere, Haya, Sufuri, Gara, Sauransu. Daga nan zaɓa kawai za ki riƙa yi.

Mataki na 3: Shafin Shiga, inda alkawari yake daban da kuɗi

Ginshiƙai: A Rana, B Daga Wa, C Alkawari, D Ya Shigo, E Ta Wace Hanya, F Yana Hannun Wa.

In abu ɗaya za ki ɗauka daga duk wannan bayani, wannan ne. A zaman dangi kowa yana da kirki. Kawu zai ɗauki kujeru, Baffa na Kaduna zai turo na shinkafa, surukin Yaya ya ce sa yana wuyansa. Duk ki rubuta su a C. Amma ba ki tara komai sai abin da ke D, wanda kika ga alat ɗinsa ko kika ƙirga da hannunki. Mun taɓa yin cinikin kujerun ɗaki da kuɗin da ke bakin wani, ana saura kwana tara ya ce abubuwa sun cushe masa. Ba ƙarya ya yi ba, haka rayuwa take, amma mu muka kwana muna neman rance.

Ginshiƙin F ma kada ki raina shi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da transfa, sai ki ga kuɗin biki ɗaya sun watsu a asusu biyar: na amarya, na Mama, na Yaya, naki, da na ƙanin da aka ba lambarsa don wayarsa ce a kusa. In da hali a tsayar da asusu ɗaya. In babu, ki rubuta inda kowane kuɗi ya sauka.

Sadaki ba ya shiga wannan shafi. Haƙƙin amarya ne. Ki rubuta shi gefe don tarihi, in ita ta ce a sa shi a kayan ɗaki da bakinta, sannan ya shigo da sunanta. In ku ne gidan ango, mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, kimarsa a naira kuwa tana bin farashin zinare, don haka a tambayi malamai a watan auren.

Mataki na 4: Gudummawa, a fayil nata daban

Gudummawa bashi ce mai ladabi. Wadda ta kawo wa Mama kula da atamfa yau, ranar bikin 'yarta za a duba abin da za a mayar, sau da yawa da ƙari. Iyayenmu a ka suke riƙe wannan ko a littafin da ke ƙasan adaka. Ki buɗe sabon fayil: Suna, Unguwa ko Gari, Ta Ɓangaren Wa, Kuɗi, Kaya, Rana.

Unguwar tana da amfani. A biki ɗaya za ki iya samun Hajiya Babba uku, sai kin rubuta ta Gyallesu, ta Wusasa, ta Ƙofar Doka kafin a gane su bayan shekara biyar.

Me ya sa fayil daban? Domin in kin ba mutum damar ganin fayil, ɓoye shafi ba ya hana mai wayo gano abin da ke ciki. Wance ta ba da kaza, wance ba ta kai haka ba, magana ce mai raba zumunci. Ke da Mama kaɗai. Jimlar kuɗin kawai za ki kai shafin Shiga a layi ɗaya kowace rana.

Ranar wuni kada ki ce za ki riƙa dannawa a waya. Hannu goma ne ke miƙo abu lokaci guda. Ki zaunar da yarinya mai natsuwa kusa da Mama da littafi, da dare ku kwafe tare tun ana tuna fuskoki.

Mataki na 5: Anko

Suna, Yadi Nawa, Kuɗi, Ta Biya, Ta Karɓa. Ginshiƙai biyun ƙarshe ki yi musu zaɓi biyu kawai, Eh da Tukuna. A sama, a gidan da ba na ginshiƙin D ba, ki sa =COUNTIF(D:D,"Tukuna") ya riƙa gaya miki mutum nawa ba su biya ba. Kafin a tafi Kantin Kwari sayen bandir, a ƙirga waɗanda suka biya, a ɗora kaɗan don 'yan zuwa daga baya. Ra'ayina, wadda ba ta biya ba kada a yanka mata, ko 'yar ɗakinku ce. Kuɗin anko da aka ce za a kawo bayan biki, ni dai ban taɓa ganinsu ba.

Mataki na 6: Mutane

A nan teburin ba zai yi miki abin da yake yi wa Turawa ba, masu lissafa kujera da suna. Kati ɗaya a Zariya gida guda yake ɗaukowa, da yara da maƙwabciya. Saboda haka gida-gida nake ƙirgawa: Gida, Kiyasin Mutane, sai ginshiƙi ɗaya ga kowane taro, Kamu, Wuni, Kai Amarya, ina sa adadin da nake zato. Jimlar kowane ginshiƙi ita nake kai wa masu girki, bayan na ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan na wuni.

Inda shafin ya fi amfani shi ne baƙin nesa. Ki ƙara Daga Ina, Ranar Isowa, Masauki, Mai Tarba. 'Yan Kano da Funtua da Kaduna da yawa a Kwangila za su sauka, a san yaron da zai ɗauko su da gidan da za su kwana, da mai kai musu karin kumallo.

Mataki na 7: Ranaku

Aiki, Mai Yi, Ranar Ƙarshe, Saura Kwana, An Gama. A D2 ki sa =C2-TODAY() ki ja ƙasa. In ya nuna miki wata baƙuwar kwanan wata maimakon adadi, ki mai da ginshiƙin zuwa Number. Da Conditional formatting ki sa duk abin da ya gaza kwana 7 ya koma ja.

Daga ranar ɗaurin aure ake lissafowa baya. Gwajin jini tun da wuri, kafin a kashe kuɗi mai yawa, musamman na sikila, kuma limamai da dama yanzu sukan nemi takardar kafin su ɗaura. Ɗinki ya biyo baya. In babbar rigar ango aikin hannu ce irin ta masu ɗinkin Birni, wannan ba aikin sati biyu ba ne. Ranar da za ki rubuta wa tela a tebur ta riga ranar gaskiya da kwana goma, kuma ita za ki faɗa masa.

Ki duba kalandar Musulunci tare da ta Bature. Watan Sha'aban bukukuwa kan yi yawa don kowa na son a gama kafin azumi, masu rumfa da masu kwalliya sukan cika. Gab da Sallah tela ba ya sauraron kowa. A kwanakin hawan Sallah kuma hanyoyin Fada da kewaye na dawaki ne, kada ki sa jere ko kai kaya cikin Birni a ranakun. In bikin ya faɗo Agusta, rumfa da wurin fakewa su hau saman jerin.

Mataki na 8: Shafin Jimla

Layi biyar sun isa. Kuɗin da suka shigo: =SUM(Shiga!D2:D300). Abin da aka biya: =SUM(Fita!E2:E300). Abin da ya kamata a samu a hannu: na farko a cire na biyu. Bashin da ya rage: =SUM(Fita!F2:F300). Giɓi: abin da ke hannu a cire bashin. In lambar ƙarshe ta fito da alamar ragi a gabanta, a rage buri tun yanzu ko a nemo ƙari.

In kina son sanin abin da sashe ɗaya ya ci, =SUMIF(Fita!B:B,"Abinci",Fita!D:D). Ki sauya kalmar ki samu na Jere ko Haya. Da wannan na taɓa nuna wa Mama cewa taron kwana ɗaya na zauren haya ya kusa cin kuɗin kayan kicin gaba ɗaya, ita da kanta ta ce a yi shi a tsakar gida.

Duk Juma'a ki ƙirga kuɗin gaske, na hannu da na asusu, ki gwada da layi na uku. In sun saɓa, wani ya kashe bai faɗa ba, kuma cikin sati guda ana iya tunawa. Bayan wata guda sai dai a yafe.

Mataki na 9: Wa zai gani, wa zai taɓa

Wajen Share, inda ake ba wani damar shiga fayil, akwai matsayi uku, amma biyu ne namu. Editor na mai gyara ne, ke da mutum ɗaya tak wanda zai riƙe in kin kwanta ciwo. Sauran Viewer, masu gani kawai. Kada ki jefa mahaɗin fayil a zauren WhatsApp na dangi. Baba da Kawu ba sa buƙatar manhaja: ki sauke shafin Jimla da Fita a PDF ki buga musu a takarda, manya sun fi yarda da abin da suka riƙe a hannu. In wani ya goge abu bisa kuskure, a kwamfuta ki shiga File, Version history, ki dawo da na jiya.

In babu waya mai intanet sam, littafi mai kauri da rula za su yi. Ki ja ginshiƙan nan yadda na lissafa, kowane shafi ki ware masa ganye biyar, ki rubuta kuɗi da biro, Saura da fensir don tana canzawa. Duk dare a ɗauki hoton shafukan da wayar wani a gidan.

Ana saura kwana biyu, ki tace shafin Fita da Filter ya nuna layukan da Saura ta fi sifiri kaɗai, ki buga kwafi biyu. Ɗaya a jakarki, ɗaya wurin namijin da zai tsaya da masu rumfa da masu kiɗa a waje. Duk wanda aka cika wa kuɗi ya sa hannu a gaban layinsa.

Washegarin kai amarya akwai sauran shafi ɗaya da nake buɗewa, Aro: tukwane nawa aka ɗauko daga gidan wa, kuloli, tabarmi, kujerun makarantar Islamiyya, da wanda ya mayar. Ki rubuta adadin tun ranar ɗaukowa, a gaban mai kayan. In komai ya koma, ki yi Make a copy na fayil ɗin, ki goge lambobin C, D da E na shafin Fita ki bar sunayen abubuwa da fomuloli, ki ajiye wa mai bi wa amaryar. Fayil ɗin gudummawa kuma ki buga shi a takarda ki ba Mama ta sa a adaka.